Wa Ɓarawon Baitulmali Zai Roƙa Ya Yafe Masa?

Ya zama al'ada a gidajen rediyo da na talabijin na ƙasar nan a tara mutum uku ko huɗu su yi muhawara a kan al'amuran yau da kullum. Akan samu ɗan jam'iyyar da ke mulki, da ɗan hamayya, da likita ko malamin jami'a, wani lokaci kuma a haɗa da malamin addini. Mai gabatar da shirin yakan kasa maganar kashi uku. Da fari a taɓo abin kunyar da ya ɓulla a makon, watau wane ya yi sama da faɗi da kuɗin hukuma, a nan ne muryoyi kan tashi, kowa yana tonon asirin jam'iyyar wani. Sai a tafi talla. In an dawo a shiga tsadar magani da kuɗin asibiti, likita ya kawo lissafi, kowa ya yi tsaki. Saura minti biyar a tashi sai a tuna da ratar da ke tsakanin mai shi da marar shi, a ce da ita wani abu a gurguje, a yi sallama sai mako mai zuwa.

Wanda ya saurara da kunnen basira zai ga cewa kasawar nan ita kanta ta ɓoye wani abu. Ana maganar sata ba a ambaci wanda aka yi wa ba, sa'an nan a yi maganar majiyyaci ba a ambaci wanda ya cuce shi ba, kamar dai mutanen biyu ba su taɓa gamuwa ba. Alhali kuwa sun gamu, sai dai ba su ga fuskar juna ba. Tambayar da ba a cika yi a irin wannan zama ba ita ce: wanda ya ci dukiyar jama'a, hakkin wa ya ci, kuma ran da ya so tuba ƙofar wa zai je ya durƙusa?

Kafin a amsa, ya kamata a san halin da majiyyacin yake ciki. A watan Afrilu na 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta keɓe kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinta domin kiwon lafiya. Nijeriya, wadda aka yi alkawarin a cikin gidanta, ba ta taɓa cika shi ba. A yawancin shekaru abin da Gwamnatin Tarayya ke keɓewa bai wuce kashi 5 ko 6 ba. Saboda haka ne fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar yake fitowa kai tsaye daga aljihun marasa lafiya da danginsu. Aljihun kuwa an san yadda yake. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin ɗari na jama'a, suna cikin talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilmi da muhalli, kuma mafi yawansu a Arewa suke.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ba ta buƙatar tafinta ga wanda ya taɓa jinya. Mace tana naƙuda, an ce sai an yi mata aiki, an miƙa wa mijin takarda mai ɗauke da jerin abubuwan da zai sayo: safar hannu, ruwan ƙari, zaren ɗinki, jini leda biyu. Ya fita da takardar a hannu yana buga waya ga duk wanda ya sani. Akuya ta tafi, keke ya tafi, in abin ya yi tsanani a jinginar da gona. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ce a keɓe aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin ƙananan asibitoci. Amma doka ba ta zuba magani a kan kanta, sai kuɗin sun iso.

To, abin da ke sanyaya zuciyar mai cin dukiyar hukuma magana ce guda wadda ta daɗe a bakin mutane: wai kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Mutumin da ba zai iya ɗaukar naira ɗari daga faifan mai ƙosai ba, don kunya da tsoron Allah, shi ne zai sa hannu a takardar kwangilar da ba a yi ba, ya je ya yi alwala ya shiga sahun gaba. Ba wai ya jahilci haramcin sata ba ne. Abin da ya ruɗe shi shi ne rashin ganin mai kayan. Mai ƙosai tana da ido, za ta yi kuka, za ta yi Allah Ya isa. Baitulmali kuwa ba ya kuka.

Musulunci bai yarda da wannan ruɗu ba tun ranar farko. Sunan da shari'a ta ba wannan laifi shi ne gululu, watau ɓoye wani abu daga dukiyar da jama'a suka yi tarayya a cikinta, kuma Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗin cewa mai yinsa zai zo da abin da ya ɓoye ranar alƙiyama. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito labarin wani bawa mai suna Mid'am wanda ke yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima. Bayan yaƙin Haibara kibiya ta same shi ya mutu, mutane suka shiga yi masa barka da Aljanna. Manzon Allah ya hana su, ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a jikinsa. Da jin haka wani mutum ya taho da igiyar takalmi ɗaya ko biyu da ya ɓoye. Abin lura a nan shi ne mayafin ba na wani sananne ba ne. Ba wanda ya yi cigiyarsa. Da an raba shi tsakanin mayaƙan, da ƙyar kowa zai sami zare. Amma rashin sanin mai shi bai rage kome ba.

Haka kuma labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta biyo shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san wannan cuta a ƙasar Hausa, domin a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwa, da sunanta na Hausa, cikin miyagun al'adun masu mulkin zamaninsa. Yau an sake mata suna, wani ya ce kason ofis, wani ya ce na goro, amma kuɗin da ɗan kwangila ya bayar a ofis daga cikin buhunan simintin asibitin zai cire su.

Akwai wani wuri a fiƙihu da wasu ke fakewa da shi, kuma gara a faɗe shi a fili. Malamai da yawa, cikinsu har da Hanafiyya da Hambaliyya, sun tafi a kan cewa ba a yanke hannun Musulmin da ya yi sata daga baitulmali, saboda yana da ɗan rabo a ciki, shubuha kuwa tana tunkuɗe haddi. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ce aka fi bi a wannan ƙasa, ya ce a yanke. Har ila yau malamai sun bambanta ɓarawon da ya fasa ma'aji da ma'aikacin da aka ba amana ya ci. Na biyun maha'inci ne, hukuncinsa horo ne gwargwadon yadda alƙali ya gani, tare da biyan abin da ya ci. Sai dai saɓanin nan duka a kan nau'in hukuncin duniya ne. Ba a sami malamin da ya ce ɗan rabon da mutum yake da shi ya halatta masa rabon sauran ba. Wanda yake da rabo ɗaya cikin miliyan 200 ya kwashe duka, ya ci nasa ɗaya, sauran kuwa bashi ne a wuyansa.

Inda abin yake da ciwo shi ne yadda hukunci ke sauka a kan mutane. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutum a Jihar Zamfara saboda satar saniya. A watan Janairu na 2013 wani babban jami'i na ofishin fanshon 'yan sanda ya amsa laifinsa a gaban kotu a Abuja game da karkatar da fiye da naira biliyan 20, aka ba shi zaɓin ɗaurin shekara biyu ko tarar naira dubu 750, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan ta ɗaure shi shekara shida. Gaskiya ne kotunan biyu ba doka ɗaya suke bi ba, amma talaka ba ya duban wannan, ƙasa ɗaya yake gani. Kuɗin fansho kuwa ba a rasa sanin masu shi ba: tsofaffi ne da suka ƙare ƙarfinsu a bakin aiki, masu hawan jini da ciwon sukari, waɗanda kowane wata sai sun zaɓa tsakanin magani da cefane.

Sayyidina Umar ya taɓa fuskantar irin wannan rata. Malik ya ruwaito cewa bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka suka ci. Da Umar ya gane ubangidansu yana barinsu da yunwa, sai ya juya kansa, ya sa shi biyan ninkin kuɗin taguwar, dirhami 800 maimakon 400. Bai tsaya ga wanda ya miƙa hannu ba, ya nemi wanda ya sa hannun miƙewa.

Mai adalci zai yarda cewa ba sata kaɗai ta kawo tsadar magani ba. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ninka kuɗin magungunan da ake shigo da su, likitoci suna ta ficewa zuwa ƙasashen waje, kuma ko da ba a taɓa kwabo ba kuɗin shigar gwamnati kaɗan ne in an raba da yawan jama'a. Amma wannan ƙara nauyin laifin yake yi. Wanda ya ɗebi mudu daga rumbun da ya cika daban yake da wanda ya ɗeba daga rumbun marayu a shekarar fari. Kuma ba manya kaɗai ake nufi ba. Gidan sauron da aka rubuta a jikinsa ba na sayarwa ba ne, da abincin yara masu tamowa da akan tsinta a kasuwa, ba minista ya kai su can ba. Akwai kuma dangi da 'yan unguwa waɗanda in ɗansu ya sauka daga muƙami bai gina bene ba sai su kira shi sakarai.

Yanzu a koma ga tambayar. Malamai sun ce tuba tana da sharaɗi uku: barin saɓon, da nadama, da ƙudurin rashin komawa. In laifin ya shafi hakkin ɗan'adam sai a ƙara na huɗu, watau mayar da hakkin ko neman yafewar mai shi. Ɓarawon saniya ya san gidan da zai je. Wanda ya ci kuɗin asibitin ƙaramar hukuma fa? Masu hakkin dubbai ne, bai san sunan ko ɗaya ba, wasu sun riga sun kwanta dama, wasu ba a haife su ba lokacin da ya ci. Afuwar shugaban ƙasa, irin wadda aka yi wa tsofaffin gwamnoni biyu a 2022, tana buɗe ƙofar kurkuku ne kawai, domin shugaba ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba.

Da yawa sukan nemi mafita ta hanyar gina masallaci, ko rabon kujerun Hajji, ko ciyarwa da azumi. Muslim ya ruwaito cewa ba a karɓar sadaka daga dukiyar gululu, kamar yadda ba a karɓar salla ba tare da tsarki ba. Abin da malamai suka tanada shi ne a mayar da dukiyar inda aka ɗauke ta. In an tabbata za a sake cinyewa a can, a sa ta a cikin maslahar mutanen da aka cuta, da niyyar sauke nauyi, ba da tsammanin lada ba, ba kuma a rubuta sunan kowa a jikin bango ba. A nan kwamitocin masallatai da masu wa'azi suna da nasu rabon tambayar, domin wanda ya karɓi gudummawar da ya san albashin mai bayarwa ba zai iya kawo ta ba, sa'an nan ya yi masa addu'a a lasifika, ya taimaka masa ya manta da waɗanda ke binsa.

Ko mayarwar ma ba ta cike gurbin duka. A ƙarshen 2017 ƙasar Suwizalan ta mayar wa Nijeriya dala miliyan 322 daga kuɗin da aka fitar a zamanin mulkin marigayi Janar Sani Abacha, aka riƙa raba su naira dubu 5 a wata ga gidajen matalauta. A 2020 aka sake mayar da wasu dala miliyan 311 aka ce a sa su a manyan hanyoyi da gada, cikinsu har da hanyar Abuja zuwa Kano. Kuɗin sun dawo bayan kimanin shekara 20. A 1996, lokacin da irin waɗannan kuɗi ke kan hanyarsu ta fita, annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum dubu 11 a Arewacin Nijeriya, da yawansu yara ƙanana, kuma babu ko ɗayansu a cikin jerin waɗanda aka raba wa naira dubu 5.