Maganin Halitta da Haƙƙin Ƙudan Zuma

Ƙudan zuma yana da matsayi na musamman a Musulunci, domin sura ta 16 a Alƙur'ani da sunansa take, kuma hadisin Ibnu Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya shi cikin halittu huɗu da aka hana kashewa. Wannan hani ne ya sa tambaya ta taso game da mai amya: shin kare ƙudan zuma daga cuta falala ce kawai, ko kuwa nauyi ne da ya hau kansa tun ranar da ya fara cin moriyar zuma?

Babbar annobar amya a yau ita ce Varroa, wata ƙaramar halitta mai kama da kaska wadda ta taso daga Asiya, ta isa Amurka a 1987, tana cin jikin ƙudan zuma tare da yaɗa ƙwayoyin cuta. Da ta fara jure wa magungunan masana'antu, sai masu kiwo suka koma ga sinadaran da ke cikin halitta, kamar oksalik da ake samu a alayyafo, da fomik da tururuwa ke fitarwa.

Sai dai kalmar "na halitta" tana ruɗin mutane, domin waɗannan sinadarai, idan aka wuce ƙima ko aka zuba fomik a lokacin zafi mai tsanani, suna kashe sarauniyar amya da 'ya'yanta. Saboda haka ƙa'idar fiƙihu ta kawar da cuta ba ta duban ko magani na halitta ne ko na masana'anta, tana duban awonsa da lokacinsa ne.