Ya Halatta a Ɗanɗana wa Yaro Ɗacin Wariya Don Ya Koyi Adalci?

Karatu: Fitowa 12:1-28, Yakubu 2:1-9

Duk wanda ya taɓa riƙe ajin yara a makarantar Lahadi ya san ɗan shekara shida ba ya riƙe dogon wa'azi. Ku gaya masa Allah ya halicci kowane mutum cikin kamanninsa, zai ce "Amin" da ƙarfi, amma kafin a tashi sujada ya ture wani yaro daga benci domin rigarsa ta yage. Abin da yaro ya taɓa da hannunsa shi ne yake zauna masa a zuciya. Shi ya sa iyaye da malamai suke neman wasa ko wani ɗan aiki da za su koya wa yara 'yanci da daidaito ta wurinsa. To, ina iyakar wannan? Ya halatta mu sa yaro ya ji zafin wariya a jikinsa domin ya ƙi jininta?

An taɓa gwada haka a Amurka. Ranar 4 ga Afrilu, 1968 aka harbe Fasto Martin Luther King a birnin Memphis. Shi ne ya jagoranci fafutukar neman wa baƙar fata 'yancinsu na 'yan ƙasa, kuma jawabinsa na ƙarshe, daren da za a kashe shi washegari, a majami'ar Mason Temple ya yi shi, hedkwatar wata babbar ikilisiyar Fentikos. Kwana ɗaya bayan kisan, wata malama mai suna Jane Elliott ta shiga ajinta na uku a ƙaramin garin Riceville, jihar Iowa. Ɗalibanta duka farar fata ne, 'yan kimanin shekara takwas. Ta raba su biyu bisa launin ido: masu shuɗin ido da masu ido ruwan ƙasa. Ta ce rukuni ɗaya sun fi hankali da tsabta. Ta ba waɗannan ƙarin lokacin wasa, ta hana sauran cuɗanya da su, ta kuma riƙa ƙwaƙulo kuskurensu a gaban aji.

Kafin a tashi makaranta ajin ya canza. Waɗanda aka ɗaga suka fara taƙama da gori. Waɗanda aka ƙasƙantar suka yi tagumi, har masu ƙoƙari a cikinsu suka kasa aikin da suka saba yi. Abota ta watse cikin 'yan sa'o'i. Da aka dawo makaranta sai ta juya lamarin, na ƙasa suka koma sama. A 1970 wani gidan talabijin ya ɗauki irin wannan darasi a ajinta, duniya ta gani, kuma har yau ana muhawara a kansa.

Masu goyon bayanta suna cewa gani ya kori ji: yaron da ya kwana ɗaya cikin reni ba zai manta ɗacinsa ba, kuma akwai tsofaffin ɗalibanta da suka shaida haka bayan sun girma. Masu sukarta suna cewa yaro ba ya iya raba wasa da gaskiya idan maganar ta fito daga bakin malamin da ya amince da shi, sa'an nan ba a ɗauki iznin iyaye ba. Duka biyun suna da gaskiyarsu. Amma ku lura da abin da ajin nan ya tona, wanda ya kamata ya ba kowane babba tsoro. Yaran ba su zo makaranta da ƙiyayyar launin ido ba. Magana ɗaya ta babba ta ishe su. Idan kalmar malama ta raba abokai cikin yini guda, yaya kalmar uba da uwa, wadda yaro yake ji kullum a bakin murhu, a kan wata ƙabila ko wani addini?

Ubangiji Yesu ya yi gargaɗi mai nauyi a Matiyu 18:6 game da wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe. Saboda haka ba na ba ku shawarar ku raba yaranku gida biyu, ku wulaƙanta rabi don ku koyar da rabi. Ƙarya ce ake faɗa wa yaro a kan kansa, ko da ta kwana ɗaya ce, kuma ba kowane rauni ba ne ake warkar da shi da "wasa nake yi". Ban da haka, da yawa cikin yaranmu sun riga sun san ɗacin nan: maraya ya san shi, gurgu ya san shi, wanda aka kora gida saboda kuɗin makaranta ya san shi.

Akwai hanya mafi kyau, kuma Allah da kansa ya nuna ta. Da ya so 'ya'yan Isra'ila su san menene bauta, menene kuma 'yanci, ya kafa musu Idin Ƙetarewa. Iyali su taru, su ci gasasshen ɗan rago da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci, a daren farko ma da ɗamara, da takalma a ƙafa, da sanda a hannu. Ya umarta a riƙa kiyaye idin, ya kuma faɗa tun da wuri cewa yara za su tambayi ma'anarsa, sai iyaye su ba da labari. Kun gani? Yaro ya ɗanɗana ɗaci a harshensa, amma yana zaune kusa da mahaifinsa. Ba a mai da shi Masar ba, ba a ɗora masa tubali ba. Manufar kuwa tana cikin Maimaitawar Shari'a 24: wanda ya tuna shi bawa ne a dā, kada ya danne hakkin baƙo da maraya da gwauruwa.

Ga ma'aunin da za ku auna kowane wasa da shi: ya tayar da tambaya a zuciyar yaro, ya bar shi da mutuncinsa, ya kuma kai shi ga yi wa wani adalci. Ku gwada waɗannan a gida ko a aji.

Ku kawo ƙwan kaza fari, da ja, da ƙwan zabo. Bari yara su faɗi bambancinsu, sa'an nan su fasa su a kwano ɗaya. Kada ku yi saurin bayani. Ku tambaye su wanne ne wanne yanzu.

Ku ba yara biyu rake guda. Ɗaya ya raba, ɗayan ya fara zaɓa. Za ku ga yadda mai rabo zai auna da kyau. Ga manya kaɗan, bari su tsara dokar wasa tun kafin su san ɓangaren da za su faɗa. A nan suke gane cewa doka mai kyau ita ce wadda za ka yarda da ita ko da kai ne a ƙasa.

Ku sa kowane yaro ya dangwala babban yatsansa a tawada, ya buga a takarda ɗaya. Babu zane biyu iri ɗaya, amma kowa gurbi ɗaya ya samu. Daidaito bai ce mu zama iri ɗaya ba. A ikilisiyar da ta tara harsuna da yawa, kowane yaro ya koya wa sauran gaisuwar gidansu.

Ku shirya ɗan wasan kwaikwayo a kan Bulus a Ayyukan Manzanni 22, inda ya hana a yi masa bulala ta wurin faɗin hakkinsa na ɗan ƙasar Roma. Yara su san neman hakki cikin ladabi ba rashin bangaskiya ba ne. A Najeriya, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini. Ku gaya musu wannan kariya ta rufe ɗan maƙwabcinku Musulmi kamar yadda ta rufe su.

Mu 'yan Fentikos muna da labarinmu da ya kamata yaranmu su ji. William Seymour ɗan 'yantattun bayi ne. A farkon 1906, a birnin Houston, dokar wariya ta hana shi zama cikin ajin Littafi Mai Tsarki tare da farar fata, sai ya riƙa sauraro daga bakin ƙofa. A watan Afrilun shekarar, ta hannunsa farkawa ta ɓarke a Los Angeles, kuma a titin Azusa baƙi da farare suka durƙusa wuri ɗaya suna neman Ruhu Mai Tsarki. Ku faɗa musu sauran labarin ma: ba a daɗe ba ikilisiyoyin suka sake rabuwa bisa launin fata. Abin da Ruhu ya haɗa, idan ba a koya wa 'ya'ya riƙe shi ba, al'ada takan dawo ta raba.

Shi ya sa darasi mafi ƙarfi ba a aji yake ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaranku suna kallon wanda mai tarbar baƙi yake kaiwa kujerar gaba ranar Lahadi, abin da Yakubu ya tsawata a kai. Suna kallon 'yar riƙon da ke gidanku: a wane kwano take ci, ƙarfe nawa take kwanciya, tana zuwa makaranta kamar su? Suna ganin ko 'ya mace ce kaɗai ke wanke-wanke alhali 'yan'uwanta maza suna ƙwallo. In kun fasa ƙwai goma a gabansu, amma tuwon 'yar riƙo ƙanzo ne kullum, ƙanzon za su gaskata.

Abin yi a wannan mako: ku zaɓi ɗaya cikin ayyukan nan ku yi da yaranku. Bayan haka ku tambaye su, "A gidan nan, wa ake ƙwara?" Ku saurara har su gama, kada ku kare kanku, ku gyara abin da suka nuna muku.

Addu'a: Ya Uba, kai da ba ka tara, ka tsare bakinmu a gaban 'ya'yanmu. Ka ba mu hikimar koya musu adalci ba tare da mun ji musu rauni ba. Ruhu Mai Tsarki, ka nuna mana wanda muke ƙwara a gidajenmu, ka ba mu ƙarfin gyarawa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.