Abin da Ba a Ɗora a Kan Teburi Ba

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da sukan sayi ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa, sabo fil a kwalinsa, da kuɗi mai tsoka, su kai shi gida su zauna su ɓata shi. Sukan niƙa alli mai launin ƙasa su shafa a ƙafafunsa. Sukan ɗiga fenti mai kalar tsatsa a duk inda ruwan sama zai bi ya gangara, su baƙanta bakin bututun hayaƙi, su dusashe lambar da ke jikinsa. Daren da na fara ganin bidiyon wannan aiki ina zaune ne ina jiran wata manhaja ta gama gwaji, sai na ce a raina wannan bawan Allah ya rasa abin yi. Amma da ya gama, ya ɗora shi a kan dogo kusa da ɗan'uwansa da ba a taɓa ba, sai na yi shiru. Sabon nan kayan wasan yara ne, kowa ya gani ya sani. Wanda aka ɓata kuwa jirgi ne da ya sha hanya.

Tun daga daren nan na shiga bibiyar wannan sha'awa tasu, kuma ta bar ni da tambayar da ta fi ƙarfin kayan wasa: idan mutum ya gina kwaikwayon duniya, ya zaɓi abin da zai saka da abin da zai bari, a wane mataki ne zaɓin nasa yake zama ƙarya?

Sai an san yadda aikin yake kafin a gane nauyin tambayar. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage komai sau 87. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo na gaske a yawancin Turai da Amurka milimita 1,435 ce. A kan teburi takan koma milimita 16.5. Mutum mai matsakaicin tsayi yakan koma kamar santimita 2. Da wannan ma'auni ake ƙera komai: tarago, gada, tasha, bishiya, shanu a makiyaya, har kwandon shara a bakin titi. Ana yin duwatsu da filasta, ciyawa da zare mai laushi da ake tsayar da shi a kan gam, ruwan kogi da wani sinadari mai daskarewa. Kamfanoni irin su Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, sun daɗe suna rayuwa a kan wannan kasuwa.

To amma lissafi ba ya sassauta wa kowa. Kilomita ɗaya ta gaske, idan aka raba ta da 87, tana buƙatar kusan mita 11 da rabi. Tashoshi biyu da ke da nisan kilomita 10 a tsakaninsu za su ci mita 115, kuma babu mai ɗakin da ya kai haka. Saboda haka dole a matse. Masana'anta mai taga ashirin sai a ba ta takwas. Gari mai unguwa goma sai ya koma titi ɗaya da coci da gidan burodi. Masu wannan sha'awa ba sa ɓoye hakan, fasaha ce da suke koya wa juna, kuma gwani a cikinsu shi ne wanda ya san abin da zai yanke ba tare da ido ya lura ba. Ko katafaren Miniatur Wunderland na birnin Hambug, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, mai dogon da tsawonsa ya haura kilomita 15 da filin jirgin saman da jirage ke tashi da sauka a cikinsa, bai tsira daga matsi ba. A can, gari yakan waye ya kuma yi duhu a cikin minti 15.

Ke nan ba a yin kwaikwayo sai an bar wani abu a waje, kuma barin kansa ba laifi ba ne. Taswirar da ta nuna kowace tsakuwa ba za ta kai kowa gida ba. Matsalar tana wani wuri dabam.

Ku dubi batun tsatsar nan. Mutumin da ake yawan ambata idan ana zancen tsufantar da jirage shi ne John Allen na garin Monterey a Kalifoniya, wanda ya shafe shekaru yana gina layinsa a ƙarƙashin gidansa, da tsaunuka masu saukowa har daɓen ɗaki. Ya nuna wa mutane cewa datti da karce da lanƙwasar rufi su ne ke sa ido ya gaskata. Ya rasu a Janairun 1973, kuma kwanaki kaɗan bayan haka gobara ta cinye aikin. Hotunansa ne suka rage, kuma darasinsa ya zama ruwan dare: duniya mai tsabta tas ba ta kama da duniya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan kishin gaskiya yana da iyakar da ba a cika faɗa ba. Mutum zai shafe mako yana bincike don ya tabbatar da ainihin launin da ake shafa wa taragon kwal a wata shekara. Zai yi musu da abokansa a kan adadin ƙusoshin da ke jikin tukunyar injin. Amma da wuya ka ga ya tambayi wane ne a cikin taragon, da kuma yadda aka yi ya shiga.

Misali mafi nauyi yana Jamus. Masu ƙera ƙananan jirage a can sun raba tarihin dogo zuwa zamani-zamani, kuma zamani na biyu ya haɗa da shekarun mulkin Nazi. Ana sayar da kawunan jiragen wannan lokaci, baƙaƙe masu jajayen ƙafafu, kyawawa ƙwarai. Dokar ƙasar ta hana baje alamar Nazi, don haka kamfanoni sukan bar ta a waje. Dokar tana da dalilinta mai ƙarfi, ba na jayayya da ita. Sai dai sakamakon shi ne mutum zai iya gina tashar 1943 cikakkiya, da agogonta da fitilunta da mai sayar da jarida, babu abin da zai tuna masa cewa hukumar jiragen ƙasa ta wancan lokaci ita ce ta yi jigilar Yahudawa da wasunsu zuwa sansanonin kisa, a taragun kaya, har ana biyan ta kuɗin kowane kai bisa nisan tafiya. Kowace ƙusa daidai take, amma hoton gaba ɗaya ya karkace.

A Amurka ma haka. Shekarun 1940 da 1950, lokacin da injin dizal ke karɓar aiki daga injin tururi, su ne zamanin da masu wannan sha'awa suka fi so, domin mutum zai iya haɗa iri biyun a dogo ɗaya. A waɗannan shekaru, a jihohin kudu, baƙar fata da farar fata ba sa zama a ɗakin jira ɗaya. Shari'ar da ta halasta wannan wariya a 1896 ma daga taragon jirgi ta taso, bayan an kama Homer Plessy a Luwiziyana a 1892 don ya zauna a taragon farare. Wanda ya gina tashar kudu ta 1950 yana da zaɓi biyu: ya saka ƙofofin nan biyu da allunansu, ko ya yi kamar ba a taɓa yin su ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai ƙarfi. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ya sauka ɗakinsa na ƙasa don ya huta da duniya, sai a ce dole ya shigo da baƙin cikin duniyar cikin hutunsa? Ba malamin tarihi ba ne. Bai yi wa kowa alkawari ba. Akwai ma haɗari a ɗaya ɓangaren: wanda ya ƙera taragon mutuwa da ƙananan mutane na roba, ya kunna shi yana zagaya teburi don nishaɗin baƙi, ya yi abin da ya fi shirun muni. Wasu abubuwan ba sa jure a rage su sau 87.

Na yarda da wannan, amma rabin hanya. A ganina abin dubawa shi ne iƙirarin da aikin yake yi. Wanda ya ƙirƙiri garin da babu shi, ya sa masa sunan da ya ga dama, bai ci bashin kowa ba. Amma da zarar ya rubuta sunan gari na gaske da shekara ta gaske, ya gayyaci jikokinsa ya ce “haka abin yake a da,” ya tashi daga mai wasa ya koma mai ba da shaida. A nan ne tsatsar take zama abin tsoro, domin ita ce ke sayo masa yarda. Ido yakan ce: wanda ya kula da ɗigon mai a ƙasan injin, ai ba zai manta da babban abu ba. Daidaito a ƙananan abubuwa sai ya zama lamuni ga shiru a kan manya.

Ba sai da mugun nufi hakan ke faruwa ba. Roye England, ɗan Ostireliya da ya zo Ingila a shekarun 1920, ya ga ƙauyukan kwarin White Horse suna sauyawa, ana cire jinkar gidaje ana sa rufin zamani. Abin ya dame shi, ya shiga auna gidajen yana ƙera su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya zama gidan tarihi na Pendon. Ƙauna ce zalla ta sa shi, kuma ya adana abin da da ya ɓace. Amma mai kallo ta bayan gilashi ba ya jin danshin bango, ba ya jin sanyin hunturu a ɗakin ɗan ƙodago. Wanda ke kwana a ƙarƙashin jinkar yana da dalilinsa na son a cire ta. Mu ma da wani zai gina tashar Kano ta zamanin dalar gyada, na tabbata zai jera buhuna tsaf, mu taru muna marmarin da. Ko zai tuna da mutanen da aka tara ta hannun sarakuna, da yawansu ba da son ransu ba, suka sare daji suka shimfiɗa dogon da ya iso Kano daga Baro a 1911?

Abin da ya sa wannan magana ta tsaya mini a wuya shi ne sana'ata. Mu masu rubuta manhaja muna da dangantaka ta jini da waɗannan mutane. A jami'ar MIT akwai ƙungiyar ɗalibai masu ƙananan jiragen ƙasa da aka kafa a 1946. Wasunsu suna saman teburi suna fenti da gini, wasu suna ƙarƙashinsa suna haɗa wayoyi da na'urorin tarho don sarrafa zirga-zirga. Waɗannan na ƙarƙashin teburin suna cikin waɗanda suka fara kwana a gaban kwamfutocin jami'ar a ƙarshen shekarun 1950, kuma daga bakinsu kalmomi da ɗabi'u da yawa na masu shirya manhaja suka yaɗu. Har yau aikinmu bai canza ba: mu ɗauki duniya mai faɗi mu matse ta ta shiga teburi. Teburinmu kawai sunansa rumbun bayanai.

Na taɓa gina fom ɗin rajista don wani shirin tallafi. Na yi alfahari da shi. Yana gane lambar waya idan ta gaza, yana hana a yi rajista sau biyu, yana buɗewa ko da intanet ta yi rauni. Na sa ranar haihuwa ta zama dole, da rana da wata da shekara, haka ma lambar gida da sunan titi. Bayan makonni wata ma'aikaciya da ke fita ƙauyuka ta kira ni ta ce, “Malam, tsofaffin nan fa ba su da ranar haihuwa, kuma gidajensu ba su da lamba. Wasu muna ƙirƙira musu, wasu kuma in layi ya yi tsawo sai a ce su dawo gobe.” Ban tambaye ta nawa ne suka dawo ba, don ina tsoron amsar. A allona komai daidai yake, babu kuskure ko ɗaya. Mutanen da fom ɗin ya kora ba su bayyana a matsayin kuskure ba, domin ba su bayyana ba sam. Na gyara shi a yini guda. Gyaran bai mayar da wanda ya riga ya juya gida ba.

Bambancina da mai jirgin wasa shi ne, nasa teburin ba ya hana kowa abinci. Amma cutar iri ɗaya ce: ka ƙware a kan abin da ka saka har ka daina ganin abin da ka bari. Kuma maganin ba shi ne a saka komai ba, tunda hakan ba ya yiwuwa. Abin da zai yiwu shi ne mutum ya san abin da ya yanke, ya tambayi kansa wa yankan ya yi wa daɗi, kuma idan ya tashi nuna aikin ya faɗi inda ya tsaya. A tashar Grunewald ta Balin akwai wani dandamali, na 17, da aka mayar wurin tunawa a 1998. Babu tarago a wurin, babu mutum-mutumi. Faranta ne na ƙarfe a jere a gefen dogo, kowanne da kwanan wata, da adadin mutanen da aka ɗauka, da inda aka kai su. Shi ma ya bar kusan komai a waje, amma ya bar shi ta yadda mai tsayuwa a wurin zai ji girman abin da babu.

Har yanzu ina kallon bidiyon masu shafa tsatsa, kuma har yanzu suna burge ni. Sai dai yanzu idan kyamara ta bi jirgi ta cikin ƙaramin gari, idona yakan tafi tagogin taragu. A ofis kuma, kafin in sa alamar “dole” a kan wani gurbi na fom, nakan ɗaga waya in kira wanda zai zauna a gaban mutanen, in tambaye shi wane ne ba zai iya cike shi ba.