Gyaran Murya: Ado Ne Ko Yaudara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Muna so mu ɗan yi magana a kan wata gardama da ta taso a cikin ƙungiyarmu. Samari sun ƙulla niyyar yin wasan kwaikwayo bayan Salla, suka zo makaranta suka roƙe mu mu koya musu yadda za su sarrafa murya, domin wanda ke zaune a can baya ya ji. Waɗansu dattawa kuwa suka ce a'a, malamin da ke koyar da Alƙur'ani ba ya koya wa yaro kukan ƙarya. To, wa ke da gaskiya?

Da farko mu san mece ce murya. Iska ce ke tasowa daga huhu, ta bi maƙogwaro ta kaɗa waɗansu tantani biyu, sa'an nan harshe da leɓe da hanci su ƙera ta ta zama harafi. Wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu. Halilu ɗan Ahmadu na Basra, da ya shirya ƙamus ɗinsa, bai bi jerin alif, ba, ta ba, sai ya bi wuraren fitar haruffa, ya fara da ain mai fitowa daga maƙogwaro, shi ya sa ake kiran littafin Kitabul Aini. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a shekarar 1429, ya ƙidaya mafitar haruffa 17 a wurare 5: cikin baki, maƙogwaro, harshe, leɓe da hanci. Duk almajirin da aka taɓa tsayar da shi har sau goma a kan harafin lallan, ya san gyaran murya wuyar aiki ne.

Turawa ma sun yi nasu. Cicely Berry ta shekara fiye da 40 tana gyara muryar 'yan wasan Shakespeare a Ingila, tun daga 1969. Kristin Linklater ta fitar da littafinta a 1976, jigonsa kuwa shi ne tsoro da ɗaurewar jiki su ke shaƙe murya, in mutum ya saki kafaɗa da muƙamuƙi ya ja numfashi daga ciki, muryarsa ta ainihi za ta fito. Ashe abin da malaminmu na allo ke nufi ke nan sa'ad da yake cewa mu zauna sosai, mu buɗe baki, mu daina karatu kamar masu jin barci.

Gyara kansa ba laifi ba ne. Sa'ad da Abdullahi ɗan Zaidu ya ga kiran salla a mafarki, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya koya wa Bilalu, domin muryar Bilalu ta fi tasa kai wa nesa. Ya kuma yabi Abu Musa Al'ash'ari saboda daɗin karatunsa. Jahizu ya ba da labarin Wasilu ɗan Aɗa'u, wanda harshensa ba ya iya faɗin harafin ra, sai ya horar da kansa har yana yin doguwar huɗuba ba ra ko guda a ciki. Wa zai ce wannan yaudara ce? Girmama mai sauraro ne.

Amma fa dattawa ba su yi magana a banza ba. Abin da suke tsoro shi ne, yaron da ya koyi rawar murya ba tare da baƙin ciki ba, gobe zai yi wa ubansa ita, jibi ya yi wa wanda yake bin sa bashi. Murya tana shiga zuciya tun hankali bai gama auna magana ba, wanda kuwa ya iya ta ya riƙe makami.

To, sai mu tambaya, mece ce ƙarya? Ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ka san ba haka yake ba. Ɗan wasa in ya hau dandali da gemun auduga, shi ya san ba tsoho ba ne, jama'a ma sun sani. Ba wanda aka ruɗa. Tun muna yara muke ganin tashe a watan azumi, ba wanda ya taɓa cewa an cuce shi. A ƙasar Hausa Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa a 1949 don koyar da tsabta, Shu'aibu Maƙarfi kuma ya yi Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960 don gyaran hali. Daga 1990, da aka yi Turmin Danya a Kano, wasan ya koma fim, ya shiga kowane gida, har namu na zango.

Inda hatsarin yake, jama'a, ya fi kusa da mu malamai. Mai wa'azin da ya sa kuka a murya don a ce shi mai tsoron Allah ne, ko don a cika masa aljihu, shi ne ɗan wasan da bai gaya wa kowa wasa yake yi ba. Wannan ita ce riya, wadda Imamu Gazali ya daɗe yana gargaɗi a kanta. Haka mai neman ƙuri'a da ke tausasa harshe ran zaɓe. Ɗan wasa yana cire gemunsa in an tashi, waɗannan kuwa da nasu suke kwana. Mu da ke rubuta wannan ba mu tsira ba, sau da yawa mukan ji muryarmu ta ƙara zaƙi in mun hangi baƙo a bayan sahu.

Saboda haka mun amsa wa samari za mu koya musu, bisa sharaɗi uku. Na ɗaya, kada a kwaikwayi wani sananne a zango don a yi masa dariya, wannan cin nama ne, ko da an sa masa sunan wasa. Na biyu, kada a sa ayar Alƙur'ani ko kiran salla a bakin mai ban dariya. Na uku, muryar dandali a bar ta a dandali. In ka shiga gida gaban mahaifiyarka, ka tuna wasiyyar Lukmanu ga ɗansa a kan sassauta murya.

Dattawa kuma muna roƙonku ku zo wurin gwaji ran Alhamis bayan la'asar, ku ji da kunnenku, abin da bai dace ba ku gyara tun kafin ranar, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Samari, wanda ya san bai gyara Fatiharsa ba, da ita za mu fara.

Allah ya sa harshenmu ya yi daidai da zuciyarmu, amin. Haza wassalam.