Hassada da Rigunanta na Aro

A shekarar 1887 aka kawo wani saurayi Musulmi ɗan shekara 24 daga birnin Agra na ƙasar Indiya zuwa Ingila, domin ya yi hidimar abinci a bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 50 a kan gadon sarauta. Sunansa Abdul Karim, kuma kafin nan akawu ne a gidan yarin Agra. Ita kuwa sarauniyar shekarunta 68, mijinta ya rasu tun 1861, ga ’ya’ya ga jikoki ga fada cike da jama’a, amma ba ta da abokin hira. Aikin da aka ba yaron shi ne ya tsaya bayan kujera ya miƙa faranti. Shekara na zagayowa sai ga shi ya zama malaminta.

Ita ce ta ce ya koya mata harshen Urdu. Tsohuwa mai mulkin Indiya, wadda ba ta taɓa sa ƙafa a ƙasar ba, ta zauna tana koyon baƙaƙen da ake rubutawa daga dama zuwa hagu, irin namu na ajami. Ba wasan kwana biyu ta yi ba, don littattafan darasinta sun kai 13, kuma ta ci gaba da rubutu a cikinsu har dab da rasuwarta. Ta ba shi laƙabin Munshi, wato malami ko magatakarda, ta sa aka ba shi gida, ta sa aka yanka masa fili a Agra. Da ya kawo matarsa daga Indiya cikin lulluɓinta, sarauniya da kanta take zuwa gaishe ta. A wasu wasiƙunta ma da sunan uwa take sa masa hannu.

To, nan fa fada ta ɗauki zafi. Abin da ya sa na ɗauko labarin nan shi ne yadda mutanen fadar suka yi shekara goma sha huɗu suna yaƙar mutum ɗaya, amma ba wanda ya taɓa fitowa ya ce, “Ina jin haushi ne don ta fi son sa a kaina.” Hassada ba ta shiga taro da sunanta. Kunya gare ta, sai ta ari riga.

Rigar farko ta asali ce. A 1889 ɗan sarauniya, mai jiran gado, ya shirya wasa a gidansa na Sandringham, aka ajiye wa Abdul Karim kujera cikin barori. Ya ga haka ya juya ya koma ɗakinsa, sarauniya kuwa ta goyi bayansa. Daga nan aka shiga tonon asiri. Ya ba da labarin cewa mahaifinsa babban likita ne, sai aka bi diddigi har Agra, aka tarar ashe ƙaramin ma’aikacin jinya ne mai haɗa magani a gidan yari. Murna ta cika fada kamar an ci gari da yaƙi. Ku duba fa, manyan mutane masu lambobin girma a ƙirji, suna farin ciki don sun gano uban wani talaka ne.

Da wannan ba ta yi aiki ba, sai aka sanya rigar addini da tsaron ƙasa. Aka ce Musulmi ne, yana hure wa sarauniya kunne ta fifita Musulmin Indiya a kan mabiya Hindu. Aka ce yana ganin takardun sirri, kuma yana da aboki, wani lauya mai suna Rafiuddin Ahmed, da ake zargin yana kai rahoto ga Sarkin Afganistan. Aka sa masu sa ido a kansa. Ba a samu komai ba. Amma wanda ya san fada ya san ba don a tabbatar da zargi ake yin sa ba. Ana yin sa ne don ya manne wa mutum kamar ƙarangiya a gefen riga.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Abdul Karim yana da nasa. Ya yi ƙarin gishiri a kan mahaifinsa, yana da son girma, yana yawan roƙa wa kansa da danginsa alfarma, kuma sauran ma’aikata ’yan Indiya ma sun koka da ɗagawarsa. A 1897 ya sa aka buga hotonsa a wata jaridar Landan, ga sarauniya a zaune a bakin tebur, ga shi a tsaye yana kallon mai ɗauka kamar shi ne mai gidan. Sai dai a nan ne hassada take da wayo: ba kullum take ƙarya ba. Takan sami aibi na gaske, ɗan ƙarami, ta hura shi har ya rufe mutum gaba ɗaya. Fadar nan cike take da masu roƙa wa ’ya’yansu muƙami da masu tinƙaho da kakanni, ba wanda ya kira wannan abin kunya. Da baƙo mai rawani ya yi, sai ya zama laifin da ba ya yafuwa.

A shekarar 1897 ɗin ce tura ta kai bango. Sarauniya za ta tafi hutu kusa da birnin Nis a kudancin Faransa, ta ce da Munshi za a tafi. Ma’anar haka ita ce zai ci abinci tebur ɗaya da manyan fadawa. Suka haɗa kai suka aika Harriet Phipps, ɗaya daga cikin matan da ke kusa da ita, da saƙo: ko shi ko mu, in ya je duk za mu ajiye aiki. Tsohuwar nan mai shekara 77 ta sa hannu ta share duk abin da ke kan teburinta ya zube ƙasa. Fadawa suka haɗiye maganarsu, shi ma ya je can.

Riga ta uku ita ce mafi ban tausayi, don ta tausayi ce. Aka koma cewa ai tsufa ne, hankalinta ya fara taɓuwa, yaro yana cin amanarta, wajibi ne iyali su kare ta. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Duk wanda ya ga wata hajiya ta ja almajirin gidanta a jiki, ko wani dattijo ya amince wa yaron shagonsa wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba, ya ji irinta: an shanye ta, an yi masa asiri, ba yin kansa ba ne. Da wuya ka ji wani cikin ’ya’yan ya tambayi kansa yaushe rabon da ya zauna da tsohon nan su yi hira ta awa guda. Yaron da ake tsana sau da yawa gurbin da aka bari ne ya cike. Wani lokacin zargin gaskiya ne, akwai macuta, ban musa ba. Amma mai kare uwarsa da gaske yana murna in bincike ya wanke wanda ake zargi. Mai hassada kuwa haushi yake ji, ya tafi neman wani zargin.

Ba na kuma wanke Biktoriya. Da sunanta Lugard ya kafa tuta a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900, kuma son da ta yi wa Ba’indiye ɗaya bai sauke wa miliyoyin ’yan Indiya nauyin mulkin mallaka ba. Abin da za a ba ta shi ne, a cikin gidanta, ta kira abin da sunansa: ta ce wa mutanenta ƙyamar launin fata ce da baƙin ciki ke damun su, kuma ba ta janye ba.

Ta rasu ranar 22 ga Janairu 1901. An bar Abdul Karim ya zama na ƙarshe da ya ga gawarta kafin a rufe akwati. Ba a jima ba sabon sarki, Edward na Bakwai, ya aika aka kwashe wasiƙun da uwarsa ta rubuta wa Munshi aka cinna musu wuta, aka sallame shi da iyalinsa zuwa Indiya. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce, amma ban ga takin da ta yi wa wannan bawan Allah ba: ya rasu a Agra a 1909 yana da shekara 46, bai bar ɗa ba. Ko bayan ransa sai da aka sake aika jami’ai gidansa neman sauran takardu.

Abu biyu ne wutar ba ta ci ba. Littattafan darasin Urdu suna nan a ajiye a fadar Windsor. Littafin da shi kansa yake rubuta labarin rayuwarsa kuwa danginsa ne suka ɓoye, suka tafi da shi Karachi bayan an raba Indiya da Pakistan a 1947, ya zauna a hannunsu har 2010, lokacin da suka nuna wa marubuciya Shrabani Basu.