Buhun Gida Da Buhun Kasuwa



'Yan uwa, kaka ta yi, wake ya shigo gida, an fara ɗinke buhuna. To ga wata tambaya da nake so mu tsaya a kanta yau: shin ya halatta mutum ya sayar wa wani abincin da shi kansa ba zai yarda ya zuba wa 'ya'yansa ba?

Na san da baki kowa zai ce a'a. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Kudu ko Gwaram ya san abin da ake nufi da buhu biyu. Gona ɗaya, wake ɗaya, amma da an cashe an sheƙe sai a raba. Na ci a gida a ɗura shi a jarka ko ganga a toshe bakin, ko a gauraya shi da toka ko barkono kamar yadda iyayenmu suke yi. Wanda kuwa za a ajiye sai ya yi tsada, sai a yayyafa masa fiya-fiya, ko a jefa masa ƙwayar nan da ake ce wa bom ba lissafi, a ɗinke. Haka a lambu. A yi wa tumatir ko latas feshi yau, gobe da asuba a tsinke a kai kasuwa, amma akwai ɗan fangali can gefe da ba a fesa ba, wannan na miyar gida ne.

Ba ina cewa kowane manomi haka yake ba. Da yawa suna tsoron Allah, kuma sau tari ma ba manomin ba ne, mai sari ne da ya tara buhuna a sito. Amma abin yana faruwa, kuma mun sani.

Mu fara da sanin mene ne ake zubawar. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper sunansa dichlorvos. Yadda yake kashe ƙwaro shi ne ya rikita aikin jijiyoyinsa, kuma irin wannan aikin yake yi a jikin ɗan Adam: amai, gudawa, zubar yawu, shaƙewar numfashi, in ya yi yawa a rasa rai. Ba don a zuba shi cikin abin da za a dafa aka yi shi ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadarin. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, sai ga shi an samu wanda ya kai 4.6. Ku lissafa, ninki 460 ke nan. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, amma aka rufe mana ƙofa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni. Tambayar da ya kamata ta hana mu barci ita ce: waken da Turawa suka ce ba sa so, wa ya cinye shi? Ai mu ne. Ya zama ƙosai, ya zama alala, ya zama ɗan wake, ya zama garau-garau.

Yanzu mu zo ga hukunci. A Suratul Baƙara, aya ta 168, da Allah Ya umarci mutane su ci daga abin da ke cikin ƙasa, siffa biyu Ya haɗa: halal da ɗayyib, wato halattacce kuma mai kyau, marar cutarwa. Mu mun riƙe ta farko da kyau. Bahaushe zai tambayi wa ya yanka ragon nan, ya ambaci sunan Allah ko bai ambata ba. Madalla. Amma ta biyun mun sake ta. Wake halal ne, babu mai musu. Sai dai waken da aka jiƙa da guba ya fita daga ɗayyib, ko da mai shi ya yi bisimilla sau ɗari yana ɗinke buhun.

Kuma ga hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannunsa a ciki sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tuhume shi kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya nesanta mai algus daga kansa. Ku lura fa, wannan mutumin ba shi ya jiƙa abincin ba, ɓoyewa kawai ya yi. Kuma iyakar cutar da mai saye zai yi ita ce asarar 'yan kuɗinsa. To ina ga wanda da hannunsa ya zuba, ya ɓoye, kuma abin da zai taɓa ba aljihu ba ne, hanji ne da hanta? Ko Risala da muke karantawa a zaure, a babin ciniki, ta hana algus da ɓoye aibin haja da cakuɗa marar kyau da mai kyau. Wannan ba sabon ilimi ba ne da sai an je Masar ko Madina.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan rabawar kanta. Wanda ya zuba wa duk wakensa magani, ya ci shi da iyalinsa, ana iya cewa jahilci ne, a ilimantar da shi. Amma wanda ya ware na gida, ya riga ya ba da shaida a kan kansa. Ya san akwai cuta, shi ya sa ya kare nasa. Jarkar nan da ke ɗakin matarsa ita ce hujjar da za ta tsaya a kansa ranar da babu lauya. Kuma hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka fitar ya ɗaure cikar imani da mutum ya so wa ɗan uwansa abin da yake so wa kansa. Buhu biyu kishiyar wannan hadisin ne ƙiri-ƙiri.

Wani zai ce: Malam, kai kana kan mumbari ne. In ban sa magani ba, kafin wata uku ƙwari sun mayar da waken gari. Da me zan biya bashin taki? Wannan magana ce ta gaskiya, kuma Musulunci bai ce ka zuba ido dukiyarka ta lalace ba. Amma lalura tana halatta abu ne in babu wata mafita, nan kuwa akwai. Ƙwaron wake numfashi yake yi kamar ni da kai. In ka hana shi iska, ya gama. Shi ne sirrin jarka da ganga, kuma shi ne sirrin buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007, kuma a Kano ma ana yin sa. Sharaɗi dai waken ya bushe sosai, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban. In ba ta huje ba, a sake amfani da ita baɗi. Ya fi kwalbar fiya-fiya tsada, gaskiya ne. Amma wannan ɗan bambancin shi ne farashin lafiyar Musulmi a wurinka?

Wani kuma zai tafi ɗaya ɓangaren ya ce to a bar takin zamani da feshi gaba ɗaya, a koma abin da Turawa ke kira oganik. Nan ma sai a yi hankali. Ƙasar Sirilanka ta gwada haka dare ɗaya a watan Afrilun 2021, ta hana shigo da takin zamani. Amfanin shinkafa ya faɗi, abinci ya yi tsada, kafin shekara ta ƙare gwamnati ta janye dokar. Ni ba zan haramta wa talaka abin da Allah bai haramta ba. Buhun yuriya ba guba ba ne a cikin tuwo. Maganin feshi ma, in an bi ƙa'idarsa, an auna yadda aka rubuta, an jira adadin kwanakin da ke jikin kwalbar kafin a tsinka, yana da hukuncin kowane magani. Abin da nake magana a kai shi ne ƙetare iyaka da ɓoyewa.

Sai dai kuma kada mu raina abin da muka gada. Abin da ake liƙa wa takarda a kantunan Turai a ninka masa kuɗi, shi kakanninmu suke yi ba tare da sun sa masa suna ba. Takin gida da jakuna ke kaiwa gona da rani. Fulani su zauna da shanunsu a gona bayan girbi, a ba su dame. Gawo da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana kuma ya ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wake da gyaɗa a tsakanin dawa, suna mayar wa ƙasa abin da dawar ta ɗauka. Yanzu da taki ya yi tsada, wanda bai yar da wannan ilimin ba shi ne ya fi samun sauƙi. Abin takaici, mai kuɗin birni yana aikowa a nemo masa kazar gida da man shanu da daddawa, mu kuma muna sayar da su mu sayo abin leda.

Saboda haka ina ƙarfafa kowa ya shuka abin da zai ci gwargwadon hali. Zogale biyu a bayan ɗaki, rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa. Wanda ba shi da fili, tsohon buhu da ƙasa da takin awaki sun isa, ruwan alwala ya shayar da su. Ya tabbata a hadisi cewa duk abin da Musulmi ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi.

Amma fa kada mai lambun gida ya ɗauka ya tsira shi ke nan. In niyyar kawai in kuɓuta ni da 'ya'yana, sauran mutane su ji da kansu, to buhu biyun ne dai ya sake riga. Malamin makarantar da ba shi da gona fa? Almajirin da ke karya kumallo da ƙosan bakin tasha fa? Marar lafiyar da ke kwance a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, aka sayo masa alala don ya samu ƙarfi fa? Kai da ka ɗora buhun a mota daga kasuwar Sara ko Babaldu ya nufi Dawanau, ka tabbata ba zai faɗa tukunyar makarantar kwanan da ɗanka yake ba? Buhu ba ya tambayar ɗan wa zai ci.

Nan ne nake ganin hikimar sayen na kusa. In ka san wanda ya noma, shi ma ya san kai za ka ci, kunya tana shiga tsakani. Da wuya mutum ya zuba guba a kwanon da zai auna wa wanda za su haɗu a sahu da Magariba. Nisa ne ke kashe kunya: mai ci ya zama ba shi da fuska, sai a ce ai na kasuwa ne, kamar kasuwa ce ke da ciki. To imani shi ne ka mayar wa wannan mutumin fuskarsa ko da ba za ka taɓa ganinsa ba, domin Wanda ke ganinka a sito da daddare Ya san shi da sunansa.

Mu masu saye ma muna da namu. Mu ne muke ture waken da ke da 'yan huji mu ce sai mai sheƙi, mu ne muke son mangwaro ya nuna tun lokacinsa bai yi ba, har ake sa masa kabaid. In za ka sayi wake, shinshina, ka tambaya da me aka ajiye shi. In mai shi ya ce buhun leda ne ko jarka, ƙara masa ɗan abin da ya nema da daɗin rai. Mai gaskiya in kullum shi ke faɗuwa a kasuwa, wata rana zai gaji.

Kai kuma ɗan uwa da ka riga ka zuba bana, ƙofar gyara a buɗe take. Kada ka sayar da shi a matsayin na ci ba tare da ka faɗa ba. Ka bayyana, ko ka ware shi ya zama iri, ko ka nemi shawarar malamin gona. Asarar buhu ta fi sauƙi a kan haƙƙin mutanen da ba ka san adadinsu ba balle ka nemi yafiyarsu. Shugabannin kasuwa da limamai, wannan aikinmu ne mu faɗa tun kafin a ɗinke buhunan.

Allah Ya ciyar da mu halal mai kyau, Ya sa albarka a gonakinmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba.

Wallahu a'alam.