Hukuncin Uban Da Ya Nemi Shiga Kwamitin Makaranta

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da takan taso duk sa'ad da za a zaɓi 'yan kwamitin makaranta, watau ko ya halatta uba ya fito da bakinsa ya ce a zaɓe shi. Mutanen kirki da yawa sukan noƙe saboda tsoron Allah, sai kujera ta faɗa hannun wanda bai cancanta ba.

Tun wajen 2006 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince kowace makarantar gwamnati ta sami kwamitin kula da ita, wanda ya haɗa da hedimasta, da wakilan malamai, da iyaye, da mata, da masu unguwa, da shugabannin addini. Aikinsu shi ne lura da zuwan malamai da yara, da tsara gyaran azuzuwa, da tsare kuɗin da ya shigo. Ba albashi a cikinsa.

A dubi unguwar Nasarawa ta Kaduna, kudu da kogi, maƙwabciyar Kakuri inda aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957. Masaƙun nan su ne suka tara jama'a daga ko'ina, Musulmi da Kirista. Da suka durƙushe, har babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007, sai magidanta da yawa suka rasa abin biyan makarantar kuɗi. Ɗan talaka ba shi da madogara sai furamaren gwamnati. A 2017 kuwa Gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malaman furamare, fiye da 21,000 suka faɗi. Ai kuwa inda iyaye suke leƙa aji, da ɓarna ba ta kai haka ba a ɓoye.

Masu noƙewa suna da hujja. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, ya nuna masa cewa wanda ya nema akan bar shi da dabararsa, wanda aka ɗora wa kuwa akan taimake shi. Haka nan ya hana Abu Zarri mulki saboda rauninsa, ya gargaɗe shi cewa amana ce, kuma nadama ce ranar Alƙiyama ga wanda bai sauke ta ba.

Amma fa a cikin Suratu Yusufa, aya ta 55, Annabi Yusufu da kansa ya nemi Sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kafa dalili da abu biyu, tsarewa da sani. Imam Ƙurɗubi ya bayyana a tafsirinsa cewa idan mutum ya tabbata ba wanda zai tsaya da gaskiya in ba shi ba, to, neman ya zama wajibi a kansa. Ashe abin da aka hana shi ne kwaɗayin girma. Wanda ya ga rufin aji yana yoyo, yara suna zaune a ƙasa, ya san kuma yana iya magana da lissafi, lalle shirunsa ba tsentseni ba ne, gudun nauyi ne.

Sai dai mai nema ya auna kansa da sharuɗɗa. Na farko, ya tambayi zuciyarsa ko zai ci gaba da aikin bayan ɗansa ya gama makarantar. Na biyu, kada ya sayi goyon baya da goro ko alkawarin kwangila. Na uku, duk kwabon da ya shigo a rubuta shi, a karanta a gaban iyaye. Na huɗu, idan aka zaɓi wani, ya taimake shi da zuciya ɗaya.

Akwai kuma sharaɗin adalci. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba mazaunan Kaduna, kogi ya zama kamar iyaka. Ɗan kwamiti a Nasarawa zai zauna da wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma ɗan kowa amana ne a wuyansa. Manzon Allah ya halarci ƙawancen Hilful Fuduli na kare wanda aka zalunta tun kafin aike, ya kuma yabe shi bayan Musulunci. Bayan yaƙin Badar ma fursunonin Makka ne suka koya wa yaran Madina rubutu.

Iyaye mata su ma kada a bar su baya, domin su ne suka fi sanin yarinyar da talla ta hana zuwa aji. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta tsaya a kan karantar da mata.

Allah Ya ba masu amana ƙarfin fitowa, Ya shiryi zuriyar kowa, amin.